Takalmin Shiga Ruwa Ba Ado Ba Ne

Jama'a, mu 'yan Soron Ɗinki mun san kifi a cikin miya, amma ba kowa ya taɓa duba ƙafar mai kamo shi ba. Ni na duba, a bakin kogi a Wudil, na ga dunduniya ta tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Masunci zai ce maka kakanninsa ba takalmi suka yi su, kuma har gobe haka ake faɗawa ruwan Matan Fada a Argungu. Gaskiya ne, sai dai ruwan kakanni bai san dagwalon masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa ba, bai san fasassun kwalabe ba. Ƙayar ƙurungu tana nan, haka ma tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga katantanwa ta ratsa lafiyayyar fata. Don haka, ɗan'uwa, in ka shiga kasuwar Sabon Gari neman dogon takalmin roba, kada sheƙi ya ruɗe ka. Juya shi ka duba ƙasansa: mai zurfin tsaga ke riƙe laka, mai sumul kuwa santsi zai kwashe ka. Lanƙwasa shi, in robar ta nuna alamar tsagewa, mayar wa mai shi. Gwada shi da safa, ya kama dunduniya sosai, don mai yawa taɓo zai zare maka shi. Sannan mai tsawon gwiwa na ruwan da bai kai gwiwa ba ne. Da zarar ya cika, kowane taku sai ka ji kamar turmi aka ɗaura maka.