FILIN KIWON GIDA: Me Ya Hana Sagara Fara Ƙwai?

  

A wannan fitowa za mu dubi wani koke da ya yawaita a bakin iyayenmu mata, wato na sagara, budurwar kaza, wadda ake ta zuba wa ido wata da watanni amma ta ƙi fara ƙwai. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙaramin al'amari ne. Amma wanda ya san gidajenmu ya san kaza ita ce asusun uwargida. Da ita ake sayen sabulu da littafin lakkol, ita ake kamawa idan yaro ya kwanta ciwo, ƙwanta kuma shi ke gina jikin ƙananan yara. Idan aka gaji da jira aka kai sagara kasuwa, an sayar da ita a daidai lokacin da ta gama cin hatsin gida ba ta biya ko ƙwaya ɗaya ba.

Abu na farko shi ne mu san irin kazar da ke hannunmu, domin kowace da lokacinta. Kajin gidan gona masu jan gashi, waɗanda aka tanada domin ƙwai, sukan fara a mako na 18 zuwa na 20 idan sun samu cikakkiyar kulawa, kuma sukan yi ƙwai kusan 300 a shekara. Kazarmu ta gida kuwa, mai kiwon kanta a tsakar gida da bayan danga, takan kai wata 6 ko 7, wani lokaci har ta wuce. Idan ta fara, takan zuba ƙwai 10 zuwa 15, ta yi kwanci kwana 21, sannan ta shiga renon ƴan tsaki. Saboda haka wanda ya auna kazar gida da ma'aunin ta gidan gona ya zalunce ta. Mu kuma sani cewa rashin zakara ba ya hana kaza yin ƙwai. Amfanin zakara shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Abu na biyu, wanda shi ne ginshiƙin maganarmu, sagara ba ta bin lissafin watanni kaɗai, jikinta take bi. Allah cikin hikimarsa ya tsara cewa sai ƙashinta da tsokarta sun cika sannan mahaifar ƙwai ta buɗe. Jar kazar gidan gona takan kai wajen kilo 1 da rabi kafin ta fara. Wadda aka bari da yunwa tun tana tsako, ko ta kai wata 8, jikinta na ƴar wata 4 ne. Jinkirin da muke kuka da shi yau, sau da yawa bashi ne muka ci tun watannin farko. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Yunwar kaza ba rashin cika ciki ba ce kawai. Dusar gero da tsakin dawa suna ƙosarwa, amma sinadarin gina jiki da ke cikinsu bai isa ba. Sagara mai tasowa tana buƙatar wajen kashi 16 cikin 100 na abincinta ya zama mai gina jiki, alhali hatsinmu bai cika wuce kashi 10 zuwa 12 ba. Da damina takan cike giɓin da kanta, ta tsinci fara da tsutsa da ɗanyen haki. Da rani kuwa ƙasa ta bushe, babu abin tsinta. Shi ya sa ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe bayan kaka sukan fi na damina jinkiri. Maganin yana kusa da mu. A haɗa awo 4 na tsaki da dusa da awo 1 na tunkuza mai tsabta. In an samu garin busasshen kifi, ko soyayyen wake, ko gara, ko garin ganyen zogale, a ƙara kaɗan. A guji tunkuzar da ta yi fumfuna, domin gubarta tana lalata hanta, kuma kada a ba su ɗanyen waken suya sai an soya shi.

Idan sagara ta kusa farawa, sai a tanadar mata abin yin ɓawo. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da wajen giram 2 na sinadarin kalsiyam, wanda in ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta za ta cire. A ƙona ƙashi a daka, ko a gasa ɓawon ƙwai a niƙa, a ajiye a kasko daban ta ci gwargwadon buƙatarta. Amma kada a ɗura wa ƙananan kaji abincin masu ƙwai na kanti da nufin gaggauta su, domin yawan wannan sinadari kafin lokaci yana illata ƙodarsu.

Sai ruwa da inuwa. Kusan kashi 3 cikin 4 na ƙwai ruwa ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Tawa, kaza takan rage ci, girmanta ya tsaya. A ajiye mata ruwa mai sanyi a kaskon ƙasa ƙarƙashin inuwa, a sauya shi safe da yamma, a ba ta abinci da sanyin safiya da bayan la'asar. Haka nan kada a bar kaji a rufe cikin akurki mai duhu har hantsi, domin haske yana cikin abubuwan da ke tayar da ƙwai.

Akwai kuma ɓarayin ɓoye. Tsutsar ciki tana raba abinci da kaza, ƙwarƙwata da ƙuma suna shan jininta da dare. A riƙa share akurki, a zuba toka da rairayi inda za su yi birgima, a nemi maganin tsutsa wajen likitan bisashe. Annobar nan da likitoci ke kira Newcastle, mai zuwa da iskar hunturu, ba ta da magani sai rigakafi, ko na allura ko na ɗigon ido, kuma wadda ta tsira daga gare ta takan daɗe ba ta murmure ba. Kazar da aka sayo daga kasuwa a ware ta mako 2 kafin a haɗa ta da na gida. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye a Magariya a 2006 sun san dalili. Maganin mutane kuwa, na kwalba ko na ƙwaya, ba ya sa kaza ƙwai.

Ta yaya za mu gane lokaci ya yi? Zankonta zai girma ya yi ja wur. Za ta fara kyarkyara tana leƙa lungu-lungu, in an kai hannu bayanta ta durƙusa. Idan aka taɓa ƙasusuwa biyu da ke gefen mafitar ƙwai aka ga yatsu 2 ko 3 sun shiga tsakaninsu, to ƙwai ya kusa, ko ma ta riga ta fara. A nan sai a duba ƙarƙashin rumbu da cikin tarin kara, domin sau da yawa wadda ake zargi da jinkiri ɓoyewa take yi. A tanadar mata tsohuwar tukunya da ciyawa a wuri mai sirri. Wadda ta wuce wata 9 ko 10 cikin ƙoshi da lafiya, zankonta a ƙanƙance, ita ce ta cancanci wuƙa ko kasuwa.

Daga ƙarshe muna tunatar da kanmu cewa dabbar da muka tsare amana ce. Ya tabbata a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Muna kira ga magidanta su taimaka wa iyalansu da kuɗin tunkuza da na rigakafi, a kuma ɗora wa yara aikin sauya ruwa domin su tashi da tausayin halittun Allah. Kafin mu ce sagara ta ƙi, mu tambayi kanmu me muka ba ta.

Allah ya sanya albarka a cikin kiwonmu da zuriyarmu, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.