Sama ta kowa ce, ƙofa ta masu ƙarfi

Wajen shekara ta 875, a birnin Ƙurɗuba na Andalus, malam Abbas ibn Firnas ya ɗaura fukafukai, ya diro daga wuri mai tsawo, ya ɗan yi shawagi kafin ya faɗi ya ji rauni a baya. Sai da aka yi fiye da shekara dubu kafin Orville Wright da wansa Wilbur su ɗaga jirginsu a Amurka, ran 17 ga Disamba 1903, na tsawon sakan 12. Masana sun san darajar Ibn Firnas, har suka raɗa wa wani rami na duniyar wata sunansa. Amma da zai dawo yau riƙe da fasfo ɗin Yaman ko Libiya, ko ƙofar jirgin Amurka ba zai gani ba.

Ran 27 ga Janairu 2017 shugaba Trump ya rufe wa ƙasashe bakwai ƙofa: Iran, Iraƙi, Libiya, Somaliya, Sudan, Siriya da Yaman. Kotun Ƙoli ta amince da tsarin da aka yi wa kwaskwarima a 2018. Biden ya soke shi a 2021, Trump ya maido shi a Yunin 2025 haɗe da Cadi, a Disamba kuma ya ƙara Nijar, Mali da Burkina Faso.

Hujjarsu ita ce tsaro. To, cikin mutum 19 da suka kai harin 11 ga Satumba 2001, 15 ƴan Saudiyya ne, amma Saudiyya mai man fetur da cinikin makamai ba ta taɓa shiga jerin ba. Ashe ma'aunin aljihu ne! Ɗan kasuwar Maraɗi mai cikakkun takardu, da ma'aikacin Yamai da aka gayyata taro, da ɗalibin Damagaram da ya sami gurbin karatu, duk an yi musu hukuncin kan mai uwa da wabi saboda inda aka yanke musu cibiya.

Cadi ta rama nan take, ta dakatar da ba Amurkawa biza. Ramuwa na da daɗi, amma ba ta isa ba. Wajibi ne mahukuntan Sahel su gyara rajistar haihuwa da tsarin fasfo, su toshe kafar da ake fakewa da ita, sannan su haɗa murya su nemi a auna kowane matafiyi da halinsa. Wanda bai tsare mutuncin fasfo ɗinsa ba, wa zai tsare masa?