Kolon Da Ginin Da Ya Ci Shekara 632

Masu sauraron Muryar Jama'ar Jamus sun daɗe da sanin sunan Kolon, domin daga can ake watso shirin Hausa kafin tashar ta koma Bon a 2003. Amma abin da ke tsai da baƙo a wannan birni na bakin kogin Rayin shi ne babbar majami'arsa. An aza harsashinta a 1248, daga baya aiki ya tsaya cik, ba a koma kansa ba sai 1842, aka gama a 1880. Tsawonta mita 157 ne. Mai son hango gari daga sama sai ya taka matakala 533, wannan kuwa ba aikin mai ciwon gwiwa ba ne. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai sun ragargaza tsakiyar birnin, ita ma sun same ta, amma ba ta faɗi ba.