Rigar Masunta a Kasuwar Gwanjo

Makon jiya ina duba gwanjo a Ƙofar Wambai, sai hannuna ya faɗa kan wata tsohuwar riga mai nauyi da maiƙo, an rubuta Barbour a wuyanta. Mai kayan ya ce ta attajiran Ingila ce. Bai yi ƙarya ba, sai dai asalinta na talakawa ne.

A tekunan arewacin Turai, masuncin da ya jiƙe da hunturu, sanyi na iya hallaka shi tun bai hangi gaɓa ba. Shi ya sa ma'aikatan jirgi suka riƙa yanka tsohon yadin da iska ke tura jirgi da shi, su shafe shi da man irin lilin, ruwa ya daina ratsawa. Rigar takan rine ta koma rawaya, ta sandare cikin sanyi, ga wari. A 1877 wani kyaftin, Helly Hansen, da matarsa suka mai da dabarar sana'a a garin Moss na Norwe. John Barbour kuwa ya buɗe shagonsa a South Shields a 1894, yana sayar wa masunta.

Masuntan yau sun koma rigunan roba, masu kuɗi sun gaje ta da. Na ji farashi, na tuna albashina, na mayar masa da kayansa.