Batir ne ya gaji, ba wayarka ba

Ƴan uwa, mu daina yarda da zancen ƴan kasuwa wai waya mai matsakaicin kuɗi shekara 2 take yi. Tawa ta shiga ta 4, kira da WhatsApp lafiya lau. Batir ne ke gajiya. Bayan caji wajen 500 ƙarfinsa yakan ragu, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Damagaram kuma ya ƙara cinye shi. To don me za ka saida tunkiya ka sayi sabuwa, wai mai kyamara huɗu? Kai ta wurin mai gyara ya canza batir. Amma ka tsaya kansa, kada ya sa maka na jabu.