INA YA KAMATA KARE DA KYANWA SU KWANA?

Maganar da za mu tattauna a wannan mako, wani zai ji ta kamar ta raha, amma in an bi ta a tsanake za a tarar ta shafi lafiyar iyali, musamman ta ƙananan yara. Maganar kuwa ita ce: shin ya dace mutum ya bar dabbar da yake kiwo don sha'awa, kare ne ko kyanwa, ta riƙa kwana a ɗakinsa, har ta kai ga hawa gadonsa?

A ƙasashen Turai da Amurka wannan tsohuwar al'ada ce, kuma tsohuwar gardama. Sarki Firedirik Babba na Furushiya, cikin Jamus ta yau, wanda ya rasu a 1786, ya shahara da son karnukansa har yakan bar ɗaya daga cikinsu ya kwana a gadonsa. Ya kuma bar wasiyya a binne shi kusa da kaburburansu, wasiyyar da ba a cika ba sai a 1991. Talakawan can ma ba a bar su a baya ba. Hujjarsu kuwa ba ta wofi ba ce. Ƙasarsu ƙasar sanyi ce, zafin jikin kare kuwa yakan kai digiri 38 zuwa 39, watau ya ɗara na mutum wanda yake tsayawa wajen 37. Sa'an nan da yawa daga cikinsu su kaɗai ke zaune a gida, ba mata, ba miji, ba 'ya'ya, saboda haka numfashin wata halitta a kusa yakan rage musu kewa, ya kwantar musu da hankali.

To, mu ina ruwanmu da wannan gardama? Da ruwanmu, ta fuska biyu. Ta farko, a manyan garuruwanmu kamar su Legas da Abuja da Kaduna, kiwon karnukan waje da kyanwoyi masu yawan gashi ya shiga gidajen masu hali, yara kuma suna ganin yadda ake rungumar su a talabijin da wayar hannu, suna sha'awar su kwaikwaya. Ta biyu, mu ma tun kaka da kakanni muna da masu kwana a ɗakunanmu: kyanwa a ƙarƙashin gado, kaza da 'yan tsakinta a bayan ƙofa, wani lokaci har da 'yar akuya in damina ta yi nauyi.

Bari mu fara da barci, tun da shi ne dalilin gina ɗakin kwana. A shekarar 2017 likitocin asibitin Mayo Clinic da ke Amurka sun buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan mutane 40, manya masu lafiya, kowanne da kare ɗaya a ɗakinsa. An ɗaura wa mutum da karensa na'urar auna motsi har dare 7. Abin da aka auna shi ne, cikin lokacin da mutum ya yi a kwance, kashi nawa ya yi yana barci na gaskiya. Waɗanda karensu ya kwana a ɗaki amma a ƙasa sun sami wajen kashi 83 cikin 100, waɗanda kuwa ya hau musu gado sun sami wajen kashi 80. In muka lissafa bisa daren sa'a 8, bambancin ya tasam ma rubu'in sa'a. Ba wani abin tada hankali ba ne, amma ya nuna cewa zaman dabba a ɗaki daban, hawanta gado daban. Sai dai mai karatu ya lura, ba a sa yara cikin wannan bincike ba, ba a sa marasa lafiya ba, kuma ba a yi shi a kan kyanwa ba, wadda kowa ya san da magariba da asuba ne take tashi farauta, daidai lokacin da barcin mutum ya yi daɗi.

Sai maganar cuta, wadda ita ce babba. A 2011 wasu likitocin dabbobi biyu na jihar Kalifoniya, Bruno Chomel da Ben Sun, sun tattara labaran mutanen da suka kamu da cuta ta hanyar kwana da dabba ko barin ta tana lasar su, suka buga a mujallar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A ciki akwai yaro ɗan shekara 9 a jihar Arizona da ya kwana da kyanwarsa marar lafiya, ya kamu da annobar nan da ƙumar ɓera ke yaɗawa, wadda ta yi wa Turai ɓarna a ƙarni na 14. Akwai jarirai da suka kamu da wani irin sanƙarau daga ƙwayoyin cutar da ke cikin bakin kare da kyanwa. Sun kuma kawo wani bincike na 2008 da ya nuna cewa cikin mutum 9 da suka warke daga waccan annoba, 4 suna kwana da kare a gado, alhali cikin maƙwabtansu 30 da ba su kamu ba, 3 kaɗai ke yin haka. Karen shi kansa sau da yawa ba ya nuna alamar ciwo, ƙumar kawai yake kwasowa daga jeji ya kawo ta cikin bargo.

Gaskiya ɗaya ce, masu wannan rubutu sun bayyana cewa irin waɗannan abubuwa ba su cika faruwa ba, kuma dabbar da likita ke duba ta a kai a kai haɗarinta kaɗan ne. To, nan fa gizo ke saƙar. Baturen da ya ce maka ya shekara goma yana kwana da karensa bai taɓa ko ciwon kai ba, ba ƙarya ya yi ba, amma tambaye shi hidimar da ke bayan wannan. An yi wa karen allurar rigakafi tun yana kwikwiyo, ana ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma da kaska a kan lokaci, ba ya fita sai da igiya a wuya, ba ya cin juji, ba ya cuɗanya da karnukan da ba su da mai su. Wanda ya ari al'adar hawa gado ya bar hidimar, ya ɗauki haɗarin ke nan ya bar wa masu ita amfanin. Hausawa dai sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Babban misali shi ne ciwon haukan kare. A Ingila wannan cuta ta daina yawo tsakanin karnukan ƙasar tun 1922. A nahiyarmu kuwa tana nan daram. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suke samun ta. Wajen kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake ciza yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Cutar tana cikin yawun dabba, saboda haka ba lalle sai cizo mai zurfi ba. In kare mai ɗauke da ita ya lashi gyambo ko wani ƙwarzane a jikin yaro, ta sami ƙofa. Takan ɗauki wata biyu ko uku kafin ta bayyana, in kuwa ta bayyana, kusan ba mai tashi. Karen da ke yini a waje yana faɗa da 'yan uwansa, ya dawo da dare ya kwanta kusa da fuskar yaro, mai gida ba shi da hanyar sanin abin da ya ɗauko. Alhali kuwa rigakafin yana nan a gida: cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa tun 1924, tana cikin masu yin allurar.

Mu dawo kan kyanwa, domin ita ce ta fi kusa da mu. Ba mai musun amfaninta. Gidan da yake da kyanwa ɓera ba ya sakewa a rumbu ko a madafa, kuma tun da aka gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno ta yau, aka kuma tabbatar ɓera ne ke yaɗa shi, darajarta ta ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta sa kiwon kyanwa cikin hanyoyin rage ɓera a gida. Amma wannan aikin nata shi ne hujjar hana ta gado. Bakin da ya kama ɓera da tsakar dare, da ƙafar da ta tone ƙasa ta binne kashi, ba su dace da matashin kai ba. Bayan haka, makero da ke cin kan yara yakan taso daga jikin kyanwa, musamman ƙanana, ko da kuwa ba a ga tabo a jikinsu ba. Mai ciwon asma kuma ya sani cewa abin da ke tayar masa da ciwo yana cikin yawunta, in ta lashe jikinta sai ya bushe a gashi, ya zube a katifa da zannuwa, ya yi ta shaƙa har gari ya waye. Mace mai ciki ta nisanci kwashe kashinta, domin akwai wata ƙwayar cuta a ciki da kan yi wa ɗan tayi lahani. Jariri kuwa, kyanwa tana son ɗumi, tana iya zuwa ta lafe a jikinsa, shi kuma ba shi da ƙarfin ture ta daga fuskarsa.

Kaji da awaki ba don sha'awa ake shigar da su ɗaki ba, kowa ya san wannan. Tsoron ɓarawo ne, da muzuru, da ruwan sama, kuma matar da jarinta duka kaji biyar ne ba za a ga laifinta ba in ta ƙi barin su a waje. Duk da haka akwai abin lura. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji cikin jihar Kaduna, karo na farko a Afirka, a farkon 2007 kuma cutar ta kashe wata matashiya a Legas. Ko ba a lokacin annoba ba, kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, yaro mai rarrafe kuwa duk abin da hannunsa ya taɓa bakinsa zai kai. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan ƙauyukan Habasha ya nuna cewa kiwon kaji yana taimakon girman yara, amma a gidajen da kajin ke kwana ɗaki ɗaya da mutane wannan amfani yakan zube. Akurki mai ƙarfi da ƙofa mai sakata ya fi kuɗin asibiti araha.

Kada wani ya fahimci wannan magana a kan cewa a wulaƙanta dabba. Malamanmu sun sha karantar da mu labarin matar da ta shiga azaba saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sun kuma bayyana cewa an yarda a riƙe kare don farauta da kiwo da gadi. Wanda ya ajiye dabba, cinta da shanta da makwancinta suna wuyansa. Amma ko karen Ashabul Kahfi, da duk darajar da ya samu ta zama da mutanen kirki, a bakin ƙofa ya kwanta. Maharbanmu da makiyayanmu, waɗanda suka fi kowa sanin ƙimar kare, su ma haka suke yi: yana kusa, yana jin motsin ubangidansa, amma shimfiɗa kowa da tasa.

Saboda haka ga shawarar wannan fili. Kare ya sami wurinsa a tsakar gida ko baranda, mai inuwa da rufi, da buhu ko tsohuwar tabarma saboda hunturu. A yi masa allurar ciwon hauka daga wata uku da haihuwa, a riƙa maimaitawa yadda likitan dabbobi ya tsara, ita ma kyanwa haka. Kyanwa a yi mata shimfiɗa a kwando ko kwali kusa da rumbu ko madafa, inda aikinta yake. Babban mutum mai lafiya da ya cika dukkan hidimar nan, in ya ga dama ya bar dabbarsa a ɗaki, to, ta kwana a ƙasa. Amma ɗakin da jariri yake, ko mai ciki, ko mai asma, ko tsoho, ko wanda ciwo ya raunana masa jiki, a rufe ƙofarsa, a kuma soke gidan sauro da kyau. In kuwa aka yi rashin sa'a kare ko kyanwa suka ciji wani ko suka yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Wanda ya riga ya saba wa dabbarsa da gado zai sha kuka da yakushin ƙofa na 'yan kwanaki kafin ta haƙura. Ya daure, kada ya buɗe yau ya rufe gobe, domin hakan ne ke rikita ta. Yara ma a yi musu bayani da lalama, a bar su su yi wasa da ita da rana, su wanke hannu kafin cin abinci, in dare ya yi kowa ya nufi makwancinsa. Kowa ya kwana lafiya, shi ya so.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.