Daga Bakolori Zuwa Kaya: A Damƙa Wa Talaka Kuɗin A Hannunsa

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, daga ɗakunan kwana na jami'a har zuwa ofisoshin sakatariya a Gusau, duk sa'ad da aka ta da zancen ba talakawan karkara tallafin kuɗi kai tsaye. Sai ka ga ɗan boko ya gyara zama ya ce, "Ai in ka ba baƙauye kuɗi, aure zai ƙara." Wani ya ce goro da taba za su cinye su. Wanda ya fi su Turanci kuwa sai ya ce ƙauye manyan ayyukan raya ƙasa yake buƙata, ba sadaka ba. Mu dai muna cewa wannan magana raini ne aka naɗa wa rawani, kuma babu inda ya fi dacewa a tone ta kamar ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, domin a nan ne aka gwada babban aikin, aka kuma ga abin da ya haifa.

A shekarar 1978 aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya shi ya yi kwangilar, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Masana suka zauna a ofis suka tsara wa manomi abin da zai shuka da yadda zai yi ban-ruwa, ba tare da an tambaye shi ko da sau ɗaya ba. Tafkin ya cinye gonaki da gidaje, aka tashi mutane kimanin 13,000, akasarinsu a ƙasar Maradun. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin aikin aka hana su noma damina bayan damina ana baje ƙasa, diyya kuwa sai jeka-ka-dawo. Na gangaren gulbi, masu shinkafar fadama da masunta, ambaliyar da ke ciyar da su kowace shekara ta ragu. Da tura ta kai bango manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, sai a ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin mulkin Shehu Shagari, Shehu Kangiwa yana gwamnan Jihar Sakkwato, aka turo musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta amsa cewa mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Masu bincike da 'yan adawa suka ce ɗaruruwa ne. Mu lura da abin da mutanen nan suka mutu suna nema: kuɗin diyyarsu a hannunsu. An sami miliyoyin da za a biya ɗan kwangila daga Turai, amma na mai gona ya gagara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce yankin rashin manya ne ya dame shi. Tun daga 1999 zuwa 2023, shekara ashirin cikin ashirin da huɗu, kujerar gwamnan Zamfara tana hannun 'ya'yan waɗannan ƙananan hukumomi uku: Ahmad Sani Yariman Bakura, da Abdul'aziz Yari na Talata Mafara, da Bello Matawalle na Maradun. Duk da haka ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2019 ta nuna kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen jihar suna cikin talauci, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. Ashe arziki ba ya gangarowa daga sama don kansa.

Yanzu mu shiga gidan ƙaramin manomi a Kaya cikin watan Agusta, mu da muka iya lissafi. Rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, tiya ta yi tsada a kasuwa, ga sauro ga zazzaɓin yara. Maigida yana da zaɓi biyu, kuma duka biyun asara ne. Ko dai ya bar gonarsa ciyawa ta ci ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya samo abin tuwon dare, ko kuma ya ci bashin hatsi wanda zai biya da ƙari mai yawa in kaka ta yi. Da kaka ɗin ta zo, sai ya sayar da amfanin da araha don biyan bashi, ya dawo da bazara ya sayi irin hatsin nan da tsada daga hannun wanda ya ɓoye shi. Uwargida kuwa akuyar da take kiwo ita ce bankinta, ranar da yaro ya kwanta a ranar za a kai ta kasuwa, a sayar yadda mai saye ya ga dama. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma jahilci ba ne. Rashin 'yan kuɗi kaɗan a daidai lokacin da ake buƙatarsu shi ke mayar da mutum bawan bashi shekara da shekaru. Buhun taki da ya iso bayan an gama noma na biyu ba ya warware wannan ƙulli, haka ma keken ɗinki da aka raba gaban 'yan jarida ga matar da ba ta taɓa ɗinki ba. Kuɗi su kaɗai ne ke zama magani yau, su zama dawa gobe, su zama kuɗin littafi jibi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu cewa za a ɓarnatar, ina hujjarsu? Tamu ga ta, kuma daga cikin Zamfara ta fito. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri na tallafa wa mata masu juna biyu a ƙananan hukumomin Anka da Tsafe, da wasu uku a Jihar Jigawa, da kuɗin gwamnatin Ingila. Ƙungiyar Save the Children ce ta riƙe ɓangaren Zamfara. Ana ba mace Naira 3,500 kowane wata, daga baya aka mayar 4,000, tun tana da ciki har yaro ya cika shekara biyu, tare da wayar da kai kan shayarwa da ciyar da jarirai. Masana tattalin arziki suka bi sawun gidajen shekaru, suna gwada ƙauyukan da suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna. Suka tarar tsumburewar yara ta ragu da kimanin kashi 8 cikin 100, abincin gida ya inganta, matan sun ƙara shiga sana'a, sun sayi dabbobi, sun yi ajiya. Mafi yawansu kuma su ke riƙe da kuɗin, mazan ba su ƙwace ba kamar yadda aka yi ta tsoratar da mu. A maƙwabta ma, a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, bayan farin 2009 an raba kuɗi a 2010, wasu ƙauyuka a hannu, wasu ta wayar salula. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, domin matan ba su ɓata yini a layi ba. Zancen taba da giya kuwa, masu binciken Bankin Duniya sun tattara nazarce-nazarce daga Afirka da Asiya da Latin Amurka a 2014, ba su ga alamar cewa tallafin kuɗi yana ƙara shan su ba.

Ba za mu ɓoye inda gizo ke saƙa ba. Shirin Gwamnatin Tarayya na zamanin Buhari, mai ba gida Naira 5,000 a wata, wanda aka zuba wa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido, an bar adadinsa a tsaye farashi yana gudu, biyan ma yakan yi watanni bai zo ba. Bayan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 aka yi shelar Naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, amma kafin watan Janairu na 2024 ya ƙare an dakatar da ministar jin ƙai, an kuma tsayar da shirin na wani lokaci saboda zargin almundahana. To, wa ya ci amana a nan? Matar Kaya, ko masu biro? Masu son a koma rabon shinkafa kuwa su tuna watan Oktoba na 2020, da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Buhu yana bi ta hannun ɗan kwangila da mai mota da mai sito da kansila, kowa ya yagi rabonsa. Kuɗin da aka rubuta da sunan mace ɗaya, in ba su iso ba, ta san nawa aka ci mata.

Matsalar tsaro ta fi wannan nauyi. Ran 1 ga Satumba, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 73 daga makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. Cikin 'yan kwanaki aka katse layukan waya a faɗin jihar, kasuwannin mako kuma an rufe su. Inda babu waya babu kasuwa, kuɗi ba su da ƙafa. Inda kuma ɓarayin daji ke ɗora wa ƙauye haraji, tara mutane a fili ana ƙirga musu takardun Naira gayyatar masifa ce. Wannan dalili ne na a riƙa biya kaɗan-kaɗan, a kan kari, ba ganga ba shela, ta hannun masu POS da ke cikin gari. Ba dalili ba ne na a hana. Iyalin da aka kora daga gonarsu suka fake a Mafara ko Maradun, su da ba su da rumbu ko kaɗan, sun fi kowa buƙatar abin sayen tiya.

Saura mu. Mu ne za a ba takarda a ce mu shiga ƙauye mu rubuta sunayen mabuƙata. Mu ne akawun da za su shigar da su kwamfuta, mu ne za mu sa hannu cewa an biya. Karatun da muke taƙama da shi da dukiyar jama'a aka ba mu, har da ta manomin da muke yi wa dariya. Muna kira ga ƙungiyar ɗalibai ta nemi a riƙa karanta sunayen masu karɓa a gaban mutanen gari, ba a ɗakin shugaban jam'iyya ba, a kuma ɗaure adadin tallafin da farashin hatsi, a tabbatar ya iso kafin marka. Ɗalibanmu 'yan Kaya da Bakura da Mafara, in an tafi hutun nan, kowa ya zauna da matan unguwarsu ya tambaye su wa aka rubuta, nawa aka ce, nawa suka karɓa, yaushe. Ku kawo mana amsar a rubuce, ba tare da sunan kowa ba, za mu buga ta a fitowa ta gaba.